Wannan Ba Nawa Ba Ne

Asabar, da hantsi

'Yata ta kawo mini wannan littafi da biro, wai likita ya ce in riƙa rubuta abin da na yi kullum. Na ce mata, ni da na tsaya a aji biyar, yanzu da furfurata za a mayar da ni makaranta? Ta ce, "Inna, ki rubuta kawai." Nas ce ita. In ta ce kawai, to magana ta ƙare, haka take yi wa marasa lafiya.

To ga shi. Na tashi, na yi salla, na sha shayi, na share falo. Maigida ya zubar da madara a kan darduma ya ce kyanwa ce. Ba mu da kyanwa.

Maigida jikana ne, ɗan 'yar tawa, ya kusa cika shekara biyar. Ranar da aka haife shi na ce na yi sabon miji, sunan ya bi shi har yau. Marowacin miji ne, bai taɓa ɗinka mini ko ɗankwali ba, sai dai ya miƙo mini biskit ɗin da ya riga ya lashe.

Abin da ya faru ran Laraba ba zan rubuta ba. Ba abin da ya faru. Yawo muka yi.

Lahadi, bayan la'asar

Sun shige ɗaki sun turo ƙofa, 'yata da mijinta. Gyaran wuta yake yi, ni ce na laƙa masa Injiniya, kuma yana amsawa ba kunya. Sun manta bangon gidan nan ko tari ka yi ana ji. Na ji "babban titi", na ji "bas ɗin makaranta", na ji "Inna".

Maganar ita ce. Tun Maigida yana rarrafe ni nake kai shi gidan raino, ni nake ɗauko shi. Gidan Anti ne, mai koriyar ƙofa a ƙarshen layinmu. Ranar da zai cika shekara biyar ita ce ranarsa ta ƙarshe a wurin, daga nan sai makaranta. Makarantar kuma tana can bayan babban titi. Abin da suke shawara a kai shi ne wa zai riƙa ɗauko shi.

Wa kuwa? Ni mana.

An karɓe girki daga hannuna tun da tukunya ta ƙone, wai in huta. An karɓe cefane, wai rana. An karɓe guga. Duk na bar musu, ban ce uffan ba. Amma ɗauko Maigida shi ne aikin da ya rage mini a duniya. Shi ne dalilin da nake neman mayafina in rana ta karkata.

Litinin, da yamma

Nas ta dawo daga aiki da wuri ta ce za ta raka ni gidan Anti, wai tana son miƙe ƙafa. Matar da ta wuni a tsaye a asibiti. Na ce to, zo ki miƙe.

Muna da wasanmu ni da shi a bakin ƙofar nan. In Anti ta fito da shi da jakarsa, sai in ɗaure fuska in ce, "Anti, wannan ba nawa ba ne. Nawa dogo ne mai gashin baki. Ba ni wancan mai jar riga." Shi kuma ya kama mini zane yana tsalle, "Ni ne! Kaka, ni ne!" Sai in duba kunnensa, in ce ya buɗe baki in ga haƙora, kamar mai sayen rago. In ce, "To, tunda an ɓatar mini da nawa, bari in lallaɓa da wannan." Kullum sai mun yi, kuma kullum sai ya yi dariya har da shaƙewa.

Yau ma mun yi. Anti ta yi dariya, yara suka yi. Uwarsa tana tsaye tana kallon bakina kamar mai jiran in yi aman jini.

Talata, da rana

Gishiri a cikin firij. Wani ne ya sa.

Laraba, bayan azahar

Telan bakin layi ba ya iya riƙe bakinsa. Ina wucewa ya ɗago daga kan keke ya ce, "Kaka, yau ba za a leƙa tsohuwar unguwa ba?" Na ce masa ya ji da wandon mutane da ya yi wa ƙafa ɗaya doguwa.

Tunda kowa ya sani, littafi ma ya sani. Waccan Larabar mun fito daga gidan Anti, maimakon mu yi dama sai muka yi hagu. Na ga hanya ce da na sani sarai. Muka yi ta tafiya har gidan da na goyi 'ya'yana a ciki. Na tura ƙofa na ga wata mata tana wanki, na tambaye ta me take yi a gidana. Gidan da muka bari tun kafin a haifi Maigida.

Takalmi ya yi masa kanta a dunduniya, bai yi kuka ba. Ya ɗauka wani sabon wasa ne. Telan ne ya gan mu zaune a bakin kwata, ya ɗauko mu a babur, ana kiran magariba. Na tarar da 'yata a tsakiyar titi da kayan aiki a jikinta, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ni dai na ce yawo ne.

Juma'a, da yamma

Asibiti. Likitan yaro ne, ko gemun kirki bai tara ba. Ya ce, "Mama, yau wace rana?" Na ce ranar da ka makara, ga maɓallin rigarka a karkace. Ya yi dariya. Ya ce zai faɗi abu uku in riƙe, anjima zai tambaye ni. Na ce ɗana, na riƙe 'ya'ya shida da miji mai faɗa, abu uku ne zai gagare ni?

Ya sa na zana agogo. Ya sa na ƙirga daga baya. Can ya ce, to Mama, abubuwan nan uku.

Na ce masa ai bashi ba ya bin tsohuwa. Ya sake yin dariya, amma ya rubuta wani abu. Suka fita baranda shi da Nas suna magana da Turanci. In mutane suka koma Turanci a gabanka, to kai ne naman.

A mota ta ce, "Inna, ki daina mayar da komai wasa." Na ce to da me zan mayar da shi?

Ɗaya daga ciki lemo ne. Yanzu ya zo mini. Ina ma amfani.

Asabar, da hantsi

An sayo wa Maigida kayan makaranta. Riga mai layi-layi shuɗi da fari, wando shuɗi, safa, baƙin takalmi. Injiniya ya sayo babba wai don ya kai baɗi. Yaro ya shige ciki ya ɓace. Na ce wannan ba ɗan makaranta ba ne, buhu ne aka sa wa kai. Ya ce, "Ke ce buhu." Na ce zan kai ƙara wurin alƙali a raba auren. Ya ce ya ji, amma sai bayan an yanka kek.

Da suka fita aski na sami 'yata ita kaɗai tana ninke kaya. Ban iya roƙo ba, ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba. Na zauna kusa da ita na ɗauki safa ina haɗawa. Na ce, "Sau ɗaya ne fa." Ta ci gaba da ninki. Na ce, "Ke ma kin taɓa ɓata a kasuwa, ban sa an karɓe ki daga hannuna ba." Ta ce, "Inna, ni ce na ɓata, ba ke ba."

Muka gama safa. Can ta ce, ranar farko za mu je tare. Za ta tsaya nesa, ba za ta sa baki ba. In na kai kaina makaranta, na karɓo shi, na dawo da shi gida, to aikin nawa ne, za ta sallami mai bas. In kuwa ba haka ba. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na samo dabara. Lamba da suna suna zille mini, amma tatsuniya ba ta taɓa zille mini ba. Sai na mayar da hanyar makaranta tatsuniya. Wani ɗan akuya ne mai takalmi zai je neman ilimi. Ya fara wuce Sarkin Iska, wato mai facin taya. Ya gaishe da Uwar Ɗaci, wato matar kemis. Ya yi sanɗa ta gaban gidan kare mai baƙin hali. Ya iso Kogin Ƙarfe, wato babban titi, wanda ba a tsallakawa sai mai jar hula, mai tsayar da motocin nan, ya ɗaga hannu. Daga nan sai ƙofar ilimi.

Mun gwada yau, ni da Maigida a gaba, Injiniya a bayanmu yana yi kamar waya yake dannawa. Ban kuskure ko kwana ɗaya ba. Zuwa da dawowa. Maigida ya yi wa mai faci kirari da Sarkin Iska, mutumin ya rasa abin da ake ciki, ya dai ɗaga masa hannu.

Da muka shigo Injiniya ya ce wa matarsa, "Wallahi Inna ta fi ni sanin hanyar." Na ce dama kai wayar wuta kaɗai ka sani, ita ma sai ta ja ka.

Na ci abinci har na ƙara.

Talata, da safe

Sarkin Iska, Uwar Ɗaci, kare, Kogi. Sarkin Iska, Uwar Ɗaci, kare, Kogi.

Laraba ko Alhamis, da rana

An sayo wa Maigida kayan makaranta, riga mai layi-layi shuɗi da fari. Ta yi masa yawa ƙwarai.

Da yamma

Na duba baya na ga na riga na rubuta wannan. To, rigar ce ta cika girma, shafi ɗaya bai ishe ta ba.

Juma'a, bayan magariba

Yau Maigida ya cika biyar. A gidan Anti aka yi, tunda yau ce ranarsa ta ƙarshe. An hura balan-balan, Injiniya ya jera 'yan fitilu masu ƙyaftawa a bango, an kawo kek mai siffar mota. Yara sun zauna a kan tabarma hanci duk majina, ido a kan kek. Ya hura kyandir, huɗu suka mutu ɗaya ya ƙi. Na ce wannan na ƙarshen irin taurin kan ubansa ne.

Ya yanko na farko ya kawo mini. Na ce yau kam miji ya yi abin kai, a rubuta. Ya ciji gefe kafin ya miƙo.

Ana cikin tafi da waƙa, ban san yadda aka yi ba. Na ga fitilu, na ga yara, na ga faranti a hannuna. Na juya na ce wa Anti, "Wai bikin wa ake yi ne?" Falon ya ɗauka da dariya. Wata uwa ta ce, "Kai, Kaka ba ta gajiya!" Maigida ya faɗi ƙasa yana birgima, "Nawa ne! Nawa ne!" Sai na yi dariya ni ma, na ce au, na ɗauka nawa ne.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, uwarsa. Ta tashi ta ce za ta ɗauko ruwa, ga ruwa a gabanta.

Da za mu tafi Anti ta haɗo kayansa a leda. Ɗan bargonsa na barcin rana, kofinsa mai hannu biyu, wandon ko-ta-kwana da ya daɗe da yi masa kaɗan. Ta ja ni gefe bayan ƙofa ta riƙe hannuna. Ta ce, "Kaka, kin tuna Asabar ɗin da kika zo ɗaukarsa?" Na ce ai ba a raino ran Asabar. Ta ce, "Shi ne. Sau biyu. Na ce miki ki zauna mu sha shayi, na rako ki gida. Ban gaya wa kowa ba." Ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Can makaranta yara ɗari-ɗari ne, Kaka. Ba wanda zai ba ki shayi."

Na ce mata dama shayinta ba ya jin sukari.

Koriyar ƙofar nan ta rufu a bayanmu. Shi ko waiwaye bai yi ba, yana ta fama da balan-balan.

Asabar, da rana

Ban fita ba.

Lahadi, da yamma

Na wanke wa Maigida gorar ruwa. Na goge takalmin duk da sabo ne. Ya kwanta a cinyata ya ce in ba shi ta ɗan akuya. Na fara, ya ce ba haka ba ne, Uwar Ɗaci ce kafin kare. Na ce gwada ka nake yi.

Ya ce, "Kaka, in ban san kowa ba a makaranta fa?" Na ce ka san ni, kuma ina bakin ƙofa kafin a kaɗa ƙararrawa.

Litinin, da safe

Ubansa ya kai shi. Ya tafi jaka tana dukan bayan gwiwarsa. Na sa mayafina tun yanzu.

Litinin, bayan la'asar

Hanya ba ta ba ni wahala ba. A rubuta wannan. Mai faci, kemis, kare, titi. Mai jar hula ya ɗaga hannu na tsallaka. 'Yata tana can baya, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Na isa kafin a tashi, na sami wuri a gaba kusa da ƙofa, cikin iyaye.

Aka kaɗa ƙararrawa. Suka fito.

Ban san haka abin yake ba. A gidan Anti kowa da rigarsa, kuma ita take fito da shi ta sa mini a hannu. Nan kuwa kamar an ɓalle buhun wake. Duk layi-layi shuɗi da fari, duk kai a aske, duk jaka ta fi su girma, duk baki a buɗe. Ina duba wannan, wancan ya wuce. Na nemi fuskarsa a cikin kaina in gwada da tasu, na tarar wurin fayau.

Wani yaro ya kama mini zane. Na ce, "Sakar mini, ɗan nan, jikana nake nema." Ya yi dariya ya ƙara riƙewa yana tsalle. Malamarsu tana tsaye a ƙofa, ita take sallamar ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mama, naki ne wannan?" Na dube shi da kyau. Yaro ne mai kyau, rigarsa ta yi masa yawa. Na ce, "A'a, wannan ba nawa ba ne."

Malama ba Anti ba ce. Ta cire hannunsa daga zanena, ta mayar da shi bayanta, ta tare da jikinta. Aikinta ke nan, ban ga laifinta ba. Ya leƙo ta gefenta yana cewa, "Wasa take yi! Malama, wasa ne, yanzu za ta duba kunnena." Ya juyo mini da kunne. Ya buɗe baki yana nuna mini haƙora.

Ni kuwa ina ta leƙen bayansa ko nawa zai fito.

Ya daɗe da baki a buɗe. Can ya rufe. Sai ya fashe da kuka, irin mai farawa ba sauti sai daga baya ya tsage. Kukan na sani. Na goya shi, na yi jijjiga da shi, ko a cikin dubu zan fitar da shi. Na ce, "Maigida!" Na miƙa hannu, Malama ta ƙi matsawa.

Uwarsa ta iso da gudu. Ta ce, "Malama, yi haƙuri, kakarsa ce, haka suke wasa." Malama ta ce to a daina irin wannan wasa a bakin ƙofar makaranta.

A hanya ya ƙi riƙe hannuna. Uwarsa ta saɓa shi a kafaɗa, ƙato da shi. Mun wuce kemis ta rage tafiya har na iso ta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Inna, wasa kika yi, ko? Kin dai ja shi da yawa ne." Na ci gaba da tafiya. Ta ce, "Ki ce mini wasa ne, Inna. In kin ce wasa ne zan yarda. Hanya kam kin iya ta."

Na ce mata ƙafata tana ciwo, mu je gida.

Talata, da safe

Kalma ɗaya ce. Na iya faɗinta fiye da kowa a layin nan, shekara nawa ina cin abinci da ita. In na faɗa, anjima ni ce a bakin ƙofa.

Sai in tuna da Kogin Ƙarfe, da hannun wani yaro a cikin nawa, da ni ina tambayar kaina ɗan wa na riƙo.

Talata, da rana

'Yata ta shigo ɗakina da magani da ruwa. Na ce ta zauna. Na ce, "Ba wasa ba ne. Na bikin ma ba wasa ba ne." Na ce ta kira mai bas.

Na zaci za ta yi mini irin maganarsu ta asibiti. Sai ta ajiye kofin a ƙasa, ta kwanta ta sa kai a cinyata da hular aikinta da komai. Na ce tashi, ƙatuwar banza, za ki karya ni. Ba ta tashi ba. Na cire hular na shiga sosa mata kai.

Alhamis, da yamma

Bas ɗin rawaya ne, yana tsayawa daidai ƙofar gidanmu. An ce zan iya jira a kan dakali. Daga dakali ba a ɓata.

Jiya Maigida ya sauko ya wuce ni kamar bai ga mutum ba. Yau ya tsaya. Ya ajiye jaka, ya sa hannu a ƙugu, sak ubansa in an taɓa masa kayan aiki.

Ya ce, "Kaka, ba na son wasan nan kuma."

Na ce wane?

Ya ce, "Na ba-nawa-ba-ne. Kar ki ƙara yi."

Na ce to, ranka ya daɗe, an daina.

Ya ce, "Ko a gida. Ko na girma."

Na ce miji ba ya tsare matarsa da shari'a a bakin titi, mutane suna kallo. Bai yi dariya ba. Ya ce sai na yi alkawari. Uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa, na ga ta juya ta koma ciki.

Na ce na yi alkawari.

Ya dube ni, ya dube ni. Sai ya buɗe jaka ya ciro rabin biskit ya ba ni, ya hau dakalin ya fara ba ni labarin wani yaro da ya yi fitsari a aji.

Ya yarda. Shekararsa biyar.